Jiragen Ruwa ta Bayan Zana

Lawali ya shekara talatin da takwas a duniya bai taɓa jin sunansa daga bakin mahaifinsa ba. Kada ka ce faɗa suka yi, ko wani abu ya shiga tsakani. Babu komai. Laifinsa ɗaya, shi ne ɗan fari, Malam Kalilu kuwa irin mutanen nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da aka yaye yaron aka kai shi Daddara wurin kakarsa, bai dawo gidan uban a Jibiya ba sai da gemu ya fara tsiro masa. Da ya dawo ɗin ma, ya tarar sunansa a gidan "wancan". Ranar da dattijon ya so ya ƙara masa girma sai ya ce "mutumen nan". Da safe Lawali zai durƙusa daga nesa ya gaida shi yana kallon ƙasa, tsohon ya amsa yana kallon katanga, shi ke nan an gama hirar yini.

Gidan kansa an raba shi da dangan zana. Daga waje, kusa da zaure, ɗakin tsohon ne da 'yar rumfarsa. Daga ciki Lawali ne da matarsa Salamatu da 'yan yaransu mata biyu waɗanda ko saƙo ba su isa riƙewa ba. Wata dalbejiya ta tsaya daidai kan dangan, rabin inuwarta na uba, rabi na ɗa. Duk maganar da za ta tsallaka wannan zana, ta bakin Rabi'a take bi, autar gidan, wadda tun rasuwar uwarsu ita ce mai tsohon. Ita ba ruwanta. Ta cire masa hula ta ce ta yi datti, ta sa hannu a kwanonsa, ta ce masa rediyonsa ya fi shi tsufa, shi ko sai dariya har da tari. Salamatu kuwa suruka ce, kunyarta ta ninka ta mijin, in ta ji takun tsohon ma mayafi take nema.

Sana'ar Lawali ita ce abin da 'yan unguwa suka kasa gane wa. Da takalman gwanjo yake sayarwa a kasuwar Lahadi. Wata rana a Maraɗi, wurin Ɗantala, dilan da yake sarar kaya a hannunsa, ya ga an ture wasu kwalaye gefe, irin wasannin da Turawa suka gama yayi suka zubo mana ta Kwatano. Allo mai naɗewa, 'yan gidaje, katuna, dawakan roba. Ɗantala ya ce ya kwashe su ya rage masa shara. Lawali ya ɗauki hoton guda ɗaya da wayarsa ya sa a Fesbuk don wasa kawai, kafin magariba wani malamin makaranta daga Kaduna ya tambayi ko na sayarwa ne. Tun daga ranar ya bar takalma.

Aiki ne na mai haƙuri, wallahi. Kowane kwali sai ya zazzage shi kan tabarma ya duba ko wani abu ya ɓace, ya goge ƙurar shekaru da ɗanyen tsumma, ya liƙe kusurwoyin da suka yage. In doki ɗaya ya ɓata sai a sassaƙa wani da icce, kuma ya rubuta a ƙarƙashin hoton cewa ɗaya ɗan gida ne. Hoton ma a kan farin zanin gadon Salamatu ake ɗaukarsa, abin da ya jawo rigima ba sau ɗaya ba. Sannan ya hau turmi ya ɗaga waya sama yana neman sabis, don a Jibiya in ka yi sake sai layin Nijar ya kama ka. Masu saye suna Kano, Zariya, Kaduna, har Abuja, likitoci da malamai da iyayen da suka gaji da ganin yara gaban talabijin. In an daidaita ya ɗaure kaya ya ba direba a tasha.

Shekarun nan ne da shari'a take da ƙarfinta a bakin kowa, saboda haka ba a daɗe ba magana ta kai kunnen dattawan unguwa cewa ɗan Kalilu yana shigo da kayan caca. Aka kira shi. Ya ɗebo kwalayen ya baje su gaban liman, aka yi ta juya su kamar ana tayin akuya. A ƙarshe liman ya ce muddin ba a zuba kuɗi, ba a kuma jinkirta salla, bai ga abin tada hankali ba, amma masu ɗan lido a ciki gara ya bar su. Lawali ya bar su. Shi ya tsira da sana'arsa, tsohon ne bai tsira da tasa ba. Majalisar dara da Malam Kalilu yake zama a bayan tasha tun da ya ajiye tuƙi, wasu samari sun rakuɓe gefenta suna karta ta kuɗi, ranar da aka zo korar su aka haɗa da tsofaffin aka watsa. Daga nan ya dawo rumfarsa ya zauna, shi da rediyo.

Amma sana'ar ɗan ba ta tafiya sai da uban, nan ne abin dariyar. Takardun da ke bayanin yadda ake kowane wasa da Faransanci suke zuwa, kuma duk gidan mutum ɗaya ke karanta shi. Malam Kalilu ya yi lakwal, makarantar bokon Faransa, shekara biyar a Maraɗi, ya kuma yi shekara talatin yana jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Maraɗi da Kwatano, yana musu da 'yan duwan, wato kwastan, da jandarmomi da harshensu. To sai Rabi'a ta ɗauki takarda ta zagaya, tsohon ya sa tabarau ya karanta ya fassara mata, ta zagayo ta faɗa wa Lawali, shi kuma ya rubuta wa masu saye da Turancinsa na sakandare. Tsakanin bakin uban da kunnen ɗan bai fi taku huɗu ba, kowa yana jin muryar kowa sarai, amma sai an bi ta kan Rabi'a.

Sai aka sa ranar auren Rabi'a. Saurayinta ne tun na shekaru, wani tela a Maraɗi, kowa ya yi murna. Ana saura mako uku ta shigo da kwanon tsohon ta zauna kusa da yayanta, ta ce Baba ya ce a gaya wa mutumen nan, motar da za ta kai amarya ita za ta sauke shi a Ɗan Isa, cikin Nijar, gidan ƙanensa Ya'u. Can zai ƙarasa sauran kwanakinsa. Ya ce ba don an rage shi da komai ba, ci da sha da sutura Allah ya yi albarka, amma mutum ba ya zama a gidan da ba wanda zai yi wa magana.

Lawali ya ji abin har cikin ƙashinsa. Yana son tsohon nan, so irin wanda bai taɓa samun inda zai ajiye shi ba. Ya san tarinsa na asuba, ya san ƙafar da ke masa ciwo in damina ta kama, shi yake sayo masa goro fari ya ba Rabi'a ta ce ita ta sayo. Ɗan Isa ba nisa, ana ƙetare iyaka a Magama ka kusa, amma ya san in akwatin nan ya tsallaka iyaka, ya tsallaka ke nan. Ya aiki Rabi'a ta ce Baba ya yi haƙuri ya zauna. Ta je ta dawo ta ce ya gode, Allah ya yi albarka, amma ya riga ya gaya wa Ya'u. Sannan ta dube shi ta ce, "Yaya, wannan ba irin maganar da ake aike da ita ba ce." Ya san gaskiya ta faɗa. Sau uku yana zuwa bakin dangan ya tsaya, sau uku yana komawa ya hau duba kwalayen da ya riga ya duba.

A cikin kayan da suka zo makon nan akwai wani kwali mai hoton teku da hayaƙi. A ciki 'yan akwatunan roba ne guda biyu masu buɗewa, kowanne da ramuka jere a layi goma, da jiragen ruwa biyar ƙanana, da tsinkaye ja da farare. Yana sa hoton wata likita a Kaduna, Dakta Mu'minat, ta ce nata ne, 'yan biyunta take so ta saya wa, amma ya tabbatar mata komai ya cika, ya kuma rubuto mata yadda ake yin sa. Ya ce ba damuwa, kwana biyu.

Rabi'a a lokacin kanta ya ɗauki zafi, ga tela, ga masu jere, ga gwaggonni da suka fara sauka kowace da shawararta. Ta kai takarda, ta dawo da bayanin da ba kai ba gindi. Ta koma, ta dawo da wanda ya fi na farko rikicewa. A karo na uku ta ce ita fa ba ta ga jirgin ruwa ba ko a mafarki, kuma ƙafafunta ba na haya ba ne. Ta fizgi akwati ɗaya ta zagaya ta dire shi kan tabarmar tsohon, ta dawo ta ɗora ɗayan a cinyar Lawali. Ta ce takarda ta ce mutum biyu ke yi kuma kada wani ya ga na wani, to ga zana nan Allah ya riga ya kafa musu. Ta ja mayafinta ta fice.

Lawali yana zaune da akwati a cinya kamar wanda aka ba jinjirin da ba nasa ba. Yana jin motsin takarda ta bayan zana, yana jin an buɗe gidan tabarau. Can sai tsohon ya yi gyaran murya ya fara yi wa dalbejiya bayani. Ya gaya mata cewa duk mai son wannan wasa sai ya jera jiragensa biyar inda ya ga dama, a tsaye ko a kwance, ban da karkace. Sai ɗaya ya kira layi da gida. In harbin ya faɗa fili a ce ruwa, a soka farin tsinke. In ya sami jirgi a ce ya taɓa, a soka ja. Wanda jiragensa suka riga nutsewa an ci shi. Dalbejiya ba ta ce komai ba, Lawali dai ya jera jiragensa.

"Layi na biyu, gida na bakwai," in ji tsohon.

Lawali ya duba. Ba komai a wurin. Kalma ɗaya ce ake nema, amma da ƙyar ta fito.

"Ruwa."

"To. A harbo."

Haka aka fara. Kai, in ka ga mutum biyun nan sai ka rantse wani babban al'amari ake yankewa. Mutanen da iyakar ruwan da ke kusa da su shi ne dam ɗin Jibiya, ga su suna yaƙin teku a ƙarƙashin bishiya, akuyar Salamatu tana cin ɓawon rogo a gefe. Da Lawali ya sami jirgin tsohon karo na farko, ya ji an ce ya taɓa, sai kunya ta rufe shi kamar ya ɗaga wa uban hannu. Daga nan ya riƙa harbi can nesa, inda ya san ba komai. Tsohon ɗan dara ne, bai yi harbi biyar ba ya gane. Ya sanar da dalbejiya cewa shi ya hau gangaren da birki ya tsinke masa da tan talatin a baya, saboda haka duk wanda ke jin tausayinsa a kan jirgin roba zaginsa yake yi. Lawali ya dawo ya nutsar da jirgin. Ta bayan zana ya ji wata 'yar dariya ƙasa ƙasa, irin wadda a da Rabi'a kaɗai ake yi wa.

Washegari bayan la'asar ba wanda ya aiki wani. Lawali ya fito da akwatinsa ya zauna, ya ji an jawo tabarma ta wancan gefen. Kayan sun cika, tun jiya ya tabbatar, kuma ya gane wasan sarai. Amma ya rubuta wa Dakta Mu'minat cewa ana kan dubawa.

Kwana tara suna yi. Tsohon ya ci shida, kuma kowane ci sai dalbejiya ta sha labarinsa. Tsakanin harbi da harbi magana ta fara yoyo. Tsohon ya gaya wa bishiyar cewa jiragen gaske a Kwatano sun fi masallacin Juma'a tsawo, cewa ranar da ya fara ganin teku ya ɗebo ruwan a kwalba ya kawo wa matarsa, ta ɗanɗana ta tofar ta ce an cuce shi. Lawali bai taɓa jin wannan labari ba. Shi ma ya koyi dabarar, ya riƙa tambayar bishiyar ko direba yana jin tsoro in dare ya yi masa a daji, bishiyar kuma ta sami amsa mai tsawo. Salamatu takan leƙo daga madafa ta ga mijinta yana murmushi shi kaɗai gaban zana, ta koma bakin aikinta. A ransa ya fara cewa ƙila an fasa tafiya. Sai dai kullum in ya wuce ƙofar ɗakin tsohon yana hango akwatin ƙarfen nan kore an jawo shi daga ƙarƙashin gado, kuma kayan da ke rataye a bango suna raguwa.

Rana ta goma ana tsakiyar wasa wayarsa ta yi ƙara. Likitar ce da kanta. Mace mai kirki, ba ta ɗaga murya ba, ta ce yaran kullum sai sun tambaye ta, in ya sayar wa wani ne ya gaya mata kawai. Lawali ya rage murya ya ce a'a, nata ne, wani ɗan tsinke ne ake nema. Ya manta zana ba katanga ba ce.

Da ya ajiye wayar bai ji tsohon ya kira layi da gida ba. Ya ji ana zare tsinkaye ɗaya bayan ɗaya, ya ji an rufe murfi, sannan akwatin ya leƙo ta ƙarƙashin zana, yatsun tsohon na tura shi. Tsohon ya gaya wa dalbejiya, ba da faɗa ba, cewa shekara talatin yana ɗaukar kayan mutane bai taɓa bari sun kwana a hanya don jin daɗinsa ba. Ya ce wanda ya ce wa mutum abu naka ne, ya zama nasa, ko da bai kai hannunsa ba. Kuma ba tsinken da ya ɓata.

Lawali ya haɗa akwatunan biyu a kwalinsu, ya rubuta bayanin wasan da kyau, ya ɗaure da igiya ya kai tasha ya ba direban Kaduna. Ya tsaya har motar ta tashi. Bai taɓa baƙin cikin sayar da kaya ba sai ranar.

Kashegari da sassafe ya ƙetare Magama ya nufi Maraɗi. Ya sa Ɗantala ya buɗe masa duk kwalin da ke shagon, suka shiga sito suna atishawa, ya bi dilolin da ke layin ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu hoton a waya. Wani ya kawo masa na sayen gidaje, wani na haɗa kalmomi, wani ya kawo na dawaki da sarakuna ya rantse ya fi wancan daɗi. Duk na zama gaba da gaba ne, ido cikin ido, allo ɗaya a tsakani. Ɗantala ya tambaye shi wane irin mai saye ne wannan da ya hana shi sukuni, ya ce wani dattijo ne. Ya dawo gida hannu rabbana, ƙeyarsa duk ƙura.

Kwana huɗun da suka rage sun fi shekarun baya nauyi. Da, shirun bai dame shi haka ba, don bai san akwai wani abu bayan shirun ba. Yanzu in an yi la'asar ƙafarsa ta kai shi gindin dalbejiya, ya ji tsohon ma ya jawo tabarmarsa, su zauna. Gida cike da mata, ana daka, ana guɗa, ana kiran wance ta kawo tire, su biyu kuwa ba mai abin kira. Tsohon ya kunna rediyo, ya kashe. Lawali ya buɗe baki sau nawa, ba ya iya ƙirgawa.

Ranar Asabar aka ɗaura aure. Saboda iyaka, aka ce da rana za a kai amarya, kada a rufe hanya da mutane a waje. Motoci uku suka tsaya a ƙofar gida. Baba Ya'u ya zo tun safe daga Ɗan Isa, dogo mai yawan magana, yana ta gaya wa mutane ya share wa yayansa ɗaki har ya sa an yi sabon daɓe. Aka fito da Rabi'a a lulluɓe tana kuka, aka kai ta gaban tsohon a rumfa ya yi mata nasiha ya sa mata albarka. Shi ma ya sha babbar rigarsa ta Juma'a, rediyo a hannu, takalma a ƙafa. Baba Ya'u ya leƙa ɗaki ya ce a sami mai ƙarfi ya fito da akwati.

Lawali ya ce shi zai ɗauka. Ya shiga ɗakin da bai fi sau biyar ya taɓa shiga ba. Bango fayau, ƙusoshi kawai. Ya cicciɓi akwatin ya ɗora a ka, bai ma yi nauyin da ya zata ba, shekara saba'in da wani abu ga su nan mutum ɗaya ya ɗauke. Ya fito, ya ratsa rumfa, ya shiga zaure, ya kai bakin ƙofa. Ga mota, direba ya hau sama ya miƙo hannu yana jira.

Ya tsaya. Direban ya ce miƙo mana. Lawali ya dubi hannun nan, sai kawai ya juya da akwatin a kansa, ya koma ta zaure, ya ratsa mutane suna matsa masa, ya shiga ɗakin ya sauke shi ya tura ƙarƙashin gado har ya bugi bango. Ya fito ya ja ƙofar, ya durƙusa a bakinta.

Baba Ya'u ya ce wannan kuma wane salo ne. Tsohon bai dubi ɗan ba, ya juya wajen amarya ya ce ta tambayi mutumen nan mi yake nufi. Rabi'a daga cikin mayafi, da muryar da kuka ya dusar, ta ce ita yanzu matar aure ce, ta ajiye aikin aike. Ga shi nan, ga Baba nan.

Lawali yana kallon takalman uban. Mutum ya fi arba'in a tsaye, da surukai, da baƙin Maraɗi.

"Baba, ba inda za ka," ya ce. Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so. "Ban iya magana ba, amma zan koya. In ka tafi gidan nan ba zai zaunu gare ni ba."

Wata gwaggo ta ce la'ilaha, ta rufe baki da gefen zane. Malam Kalilu ya daɗe yana juya rediyon a hannunsa. Sannan ya dubi ƙanensa ya ce, "Ya'u, ku tahi, rana tana yi. Ɗakin da ka share ka sa gero ciki." Baba Ya'u ya fara cewa ai an yi magana, ai daɓen ma, tsohon ya ɗaga masa hannu. Rabi'a ta ƙara fashewa da kuka, wannan karon har da dariya a ciki, mata suka ja ta zuwa mota.

Motoci suka tashi da guɗa da ham, Salamatu da yara suna cikin 'yan rakiya. Maƙwabta suka watse suna waige. Gida ya rage daga tabarmi da ba a naɗe ba sai tukwanen da ba a wanke ba. Lawali, da kunyar abin da ya yi ta dawo masa gaba ɗaya, ya sulale ya koma gefensa na zana ya zauna gindin dalbejiya. Ya yi alkawarin zai koyi magana, ga shi ko kalma ɗaya ba ta zo masa ba. Yana ji tsohon ya cire takalma, ya tuɓe babbar riga, ya zauna da nishi irin na mai ciwon ƙafa.

Sai tsohon ya yi gyaran murya.

"Sau guda na taɓa ɗaukar ka," ya ce. "Kana da kwana arba'in, ba kowa a ɗaki. Kakanka ya shigo ya gan ni, ya yi mani dariya gaban mutane har sati. Ban sake ba. Na so in sake."

Lawali hawaye yake yi sosai, yana toshe baki da hannun riga kada a ji.

"Kai nike wa magana, ba iccen ba," in ji tsohon. "Zagayo."

Ya tashi ya share fuska, ya zagaya dangan. Tsohon ya matsa gefe ya bar masa rabin tabarma. Ya zauna, gwiwarsa ta kusa taɓa ta uban, kowannensu ya rasa inda zai sa idonsa. Malam Kalilu ya laluba aljihu ya fito da goro fari guda ɗaya, ya fasa shi biyu ya miƙa masa babban ɓarin.